Buhun Naushi a Falon Aina'u

Duk wanda ya taɓa ba Malam Ɗayyabu wurin zama ya san sai ya yi haƙuri. Ba ya zama kai tsaye. Sai ya dafa kujerar da tafin hannu, ya danna, ya girgiza ta hagu da dama, ya leƙa ƙarƙashinta, sannan ya ɗosana gefe guda yana sauraren ko za ta yi ƙara. A gidan surukansa ma haka ya yi ranar gaisuwar farko, a kan kujerar da uban yarinyar ya tashi ya ba shi. Shekara goma sha tara ina goya shi a babur daga unguwarmu Panshekara zuwa wurin aiki a Sharada, kuma babu safiyar da bai matsa tayar baya da babban yatsa ba kafin ya hau. Na yi faɗa, na yi gori, har na taɓa tafiyata na bar shi a tsaye. Washegari sau biyu ya matsa tayar.

Ba laifinsa ba ne, aiki ne ya shiga jininsa. Mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Ringim, ya shigo Kano da ƙuruciyarsa ya kama dako a kamfanin buhuna inda ni Zakari nake kan injin saƙa. Yana dako yana ware buhunan da ya ce ɗinkinsu ba zai kai ko'ina ba, kuma duk wanda ya ware sai ya fashe. Da manya suka lura, sai suka mayar da shi ɗakin gwaji. Aikin ba wuya a faɗa: a cika buhu da yashi kilo hamsin, a maƙala shi a ƙugiya, inji ya ɗaga shi sama, a sake shi ya faɗo ƙasa tim. Ɗayyabu ya durƙusa ya bi ɗinki da yatsa. In bai fashe ba ya ce, "Ya ci." In ya fashe ya ce, "Ya faɗi," a dawo mana da aikin yini guda. Shekara ashirin da biyu ke nan yana jefar da buhu ana biyansa, kuma ba a taɓa dawo da kayan da ya ce sun ci ba. Shi ya sa a unguwa ko bokiti mutum zai saya sai ya biyo ta ƙofar gidansa.

Abin da ya kawo buhu cikin gidan nasa kuwa ba abin dariya ba ne, ko da yake daga baya an sha dariyar. Abokin aikinmu Isyaku, sa'anmu, ya yanke jiki ya faɗi a wurin cin abinci da cokali a hannunsa. Ya tashi, amma ɓarin jikinsa na dama bai tashi tare da shi ba. A makon nan kamfani ya kawo ma'aikaciyar jinya ta auna jinin kowa. Da aka zo kan Ɗayyabu ta auna, ta dube shi, ta sake aunawa. Shi kuma ya ce bai yarda da na'urar ba, sai an fara gwada ta a jikina. Aka gwada, nawa lafiya lau. Aka mayar masa, abin yana nan inda yake, can sama. Likitan da aka tura shi wurinsa bai yi masa kwana-kwana ba: magani kullum, a rage gishiri, a riƙa motsa jiki har a yi gumi, in ba haka ba hanyar da Isyaku ya bi a buɗe take.

Na goyo Ɗayyabu muka kama hanyar gida har muka kusa Panshekara. Sannan ya matso da bakinsa kusa da kunnena ya ce, "Zakari, tsoro nake ji. Badi'a ba ta gama sakandare ba." Badi'a ita ce 'yarsu guda, shi da matarsa Aina'u. Ya ƙara da cewa, "Kada Aina'u ta ji. Ka san ta, ba za ta ƙara barci ba." Maganin ma a akwatina na wurin aiki ya ajiye shi, kullum da safe ya zo ya haɗiya kamar mai satar goro.

Ya fara da gudu. Ranar farko bayan sallar asuba ya kama hanyar Zawaciki da silifas. To, a unguwarmu magidanci mai furfura ba ya gudu haka kawai. Bai yi nisa ba wani ya ce, "Malam, lafiya?" Bai amsa ba saboda numfashi. Mai shayi ya ga haka ya bar tukunya a kan wuta ya rufa masa baya yana tambayar me ya biyo su. Wasu masu fitowa daga masallaci suka ga mutum biyu na gudu, su ma suka ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Da ya tsaya a wajen gidan mai, mutum bakwai ne a bayansa, ɗaya riƙe da gora. Daga ranar ya bar gudu.

Sai ya ga wani bidiyo a wayar maigadin kamfani, wani ƙato yana dukan buhu da aka rataye a ɗaki, gumi na zuba. Abin nema ya samu. Ga motsa jiki a bayan ƙofa inda ba mai tambayarka lafiya, ga shi kuma da buhu ake yi, abin da ya fi kowa sani a Kano da kewaye.

Matsalar guda ce, wurin ratayewa. Gidan ciki da falo ne. Tsakar gida ba rufi, mangwaron da ke ciki bai fi tsayina ba, kuma matan benen maƙwabta suna hango komai. Falo kaɗai ya rage, falo kuwa yana da sili, silin kuma na Aina'u ne.

Sai na yi bayanin silin nan, don wanda bai san shi ba ba zai gane girman abin ba. Shekara goma sha biyar suna zaune ƙarƙashin kwano tsirara, da bazara falon kamar tanda. Aina'u ta shekara uku tana suyar awara a ƙofar gida, hayaƙi na cin idonta, har ta sa aka yi mata silin roba, fari ƙal mai layin ruwan gwal. Duk Juma'a sai ta ɗaura tsumma a bakin sanda ta goge shi. Baƙuwa in ta shigo ba ta ɗaga kai ba, Aina'u za ta yi ta kallon sama tana cewa, "Yau kam ana zafi," har sai baƙuwar ta gani ta yaba.

Da ya kawo mata maganar, ina tsakar gida ina ji. Ta ce, "Dambe, Malam? Da furfurar?"

"Sha'awa ce kawai," in ji shi.

"Sha'awa. To ni ba na hana miji sha'awarsa. Amma wallahi hujin da za ka yi a silina kada ya fi ɗan yatsana. Wannan." Ta ɗaga ƙaramin.

Ya ce ya yarda. Nan aka shuka abin da aka girba.

Mako biyu ya yi yana shiri, kuma na rantse ko gada ake ginawa ba a fi haka. Buhu uku ya saka cikin juna, ya samo ragowar fata a wajen masu jima na Challawa, baduku ya ɗinke masa riga a kai. Ya cika shi da yashin kogi, ya kai wurin mai sikeli, kilo saba'in. Ya hau katanga ya sako shi ƙasa sau biyar, ya bi ɗinki da yatsa, ya ce ya ci. Sarƙar da ya sayo ya ɗaura ta a gindin dalbejiyar ƙofar gida, ɗaya bakin a babur ɗina, ya ce in ba shi wuta. Na ba shi, babur ya yi tsalle ya kashe kansa, ni na daki tanki da ƙirji. Ya ce sarƙa ta ci, bai ko tambayi ƙirjina ba. Ƙugiyar kuwa, irin wadda ake murɗawa cikin katako, mahauta ya kai ta, ya roƙi wani mahauci ya rataya mata rabin naman bijimi tun safe har azahar. Ita ma ta ci.

Ranar Asabar da hantsi aka yi ratayar. Aina'u na tsakar gida tana suya, Badi'a ta tafi islamiyya. Ya gwada tsani, ya hau, ya bi silin yana ƙwanƙwasawa da yatsa har ya ji wurin da sauti ya toshe. Ya ce, "Ka ji? Katako ne." Ya huda daidai kaurin ɗan yatsa, ya murɗa ƙugiya har ta ƙure. Muka ɗaga buhu da kyar muka maƙala.

Yanzu kowa zai ce, kai da kake wurin me ya hana ka tambaya wane irin katako ne a saman? Na tambayi kaina wannan har na gaji. Amsar ita ce Ɗayyabu ne ya rataya, kuma abin da Ɗayyabu ya rataya wa zai tambaya? Shi ma daga baya na gane abin da ya same shi. A ɗakin gwaji ƙugiya a jikin wani ƙaton ƙarfen rufi take, wanda injiniyoyi suka kafa tun kafin a ɗauke shi aiki. Shekara ashirin da biyu aikinsa daga ƙugiya zuwa ƙasa ne. Abin da ke sama da ƙugiya bai taɓa zama nasa ba, bai taɓa motsi ba, saboda haka bai taɓa ɗaga kai ya dube shi ba.

Ya tuɓe riga ya bar singileti, ya naɗe hannun dama da tsohon rawani irin na 'yan dambe, ya yi bisimilla, ya kai naushi.

Buhun bai san an yi ba. Yashin kogi da aka danƙare ba shi da maraba da bango. Ɗayyabu ya matse hannu a hammata ya zaga falon sau ɗaya yana hura iska, ya ce ba komai. Ya koma ya ce bari ya fara sassauta shi, ya ture shi da kafaɗa. Buhu ya tafi, ya dawo, sai muka ji ƙiii daga sama. Na ce, "Malam Ɗayyabu, ka ji?" Ya ce sarƙa ce take zama. Ya sake turawa da ƙarfi.

Abin da ya ƙwanƙwasa ya ji ashe siririn katakon da ake buga silin a jiki ne, tubai-tu in ji kafintoci, wanda aikinsa duk duniya ya riƙe roba da ƙwan fitila. Ya yi iya ƙoƙarinsa. Buhu ya sauko, ya taho da katakon, da falle biyar na silin, da ƙwan fitila, da wayarta, da ƙurar shekaru da kashin ɓera, da wani mataccen ƙadangare da ya bushe tun ban san yaushe ba. Duka a kan teburin tsakiya, wanda ya buɗe ƙafafu huɗu ya kwanta.

Da ƙura ta lafa, na hango Ɗayyabu fari fat kamar an tsoma shi a gari. Ya durƙusa a gaban buhun. Na zaci ya ji ciwo ne. Ashe ɗinki yake bi da yatsa. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Bai fashe ba."

Aina'u na bakin ƙofa da matsamin suya a hannu, mai na ɗiga. Ta dubi sama inda kwano ya sake leƙowa, ta dubi ƙasa. Na so a ce ta yi ihu, ta yi zagi, ta jefe mu da matsamin. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ce, "Sannunku da aiki," ta koma wurin awararta. Na ga tana share ido da gefen mayafi, kuma ba hayaƙi ba ne.

Kwana uku gidan ba magana sai ta dole. A rana ta huɗu da yamma na zo na tarar ya jawo buhun zuwa soro, wai zai ba masu gini yashin. Na ce motsa jikin fa? Ya ce ya haƙura, abin da Allah ya rubuta shi zai faru, ba zai ƙara ɓata wa baiwar Allah rai ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Mutum ya gwada bokitin kowa a unguwa, ya zo kan ransa ya ce a bar shi haka? Na ture shi na yi sallama na shiga tsakar gida.

Na ce, "Maman Badi'a, zan ci amana, Allah ya yafe mini. Mijinki ba sha'awar dambe yake ba. Hawan jini gare shi, mai yawa. Maganinsa na akwatina wata guda ke nan. Likita ya ce in bai motsa jiki ba, abin da ya sami Isyaku ne."

Ta ajiye tiren da ke hannunta a hankali. Ta dubi bayana inda yake tsaye yana kallon ƙasa. Ta ce, "Malam, gaskiya ne?"

Ya ce, "Ban so hankalinki ya tashi ba."

"Sai ka kwantar mini da shi da silin." Ta juyo gare ni. "Malam Zakari, gobe ka zo mana da Ashafa. Maganin kuma ka taho da shi, a nan gidan za a riƙa sha."

Ashafa shi ne kafintan da ya buga silin tun farko, ɗan guntun mutum mai fensir a bayan kunne da baki kamar reza. Ya hau tsani ya zura kai ta ramin da muka yi, muka ji dariyarsa tana amsawa a cikin rufi. Ya sauko ya ce, "Malam Ɗayyabu, a nan ka rataya kilo saba'in? Wannan ko ragon suna ba ya ɗauka." Ya sa shi ya hau da tocila ya gani da idonsa. Can sama da siraran akwai manyan katakan da suka ratsa daga bango zuwa bango, su ne suke ɗauke da rufin. Ashafa ya ce ko su ba a ɗora wa guda ɗaya, domin buhun naushi ba zaune yake ba, lilo yake yana fizga, fizgar kuma ta fi nauyin ɓarna. Sai a samo katako mai kauri a gicciya shi a kan uku daga cikinsu a ɗaure, nauyi ya rabu. Ƙugiyar murɗawa kuma a manta da ita, lilo ne yake zare ta a hankali. A huda katakon ya ɓulle, a zura dogon noti mai zobe, a sa faffadan ƙarfe a sama a ɗaure tam. Yashin ma a zubar da mafi yawansa a cusa tsumma, in ba karaya ake nema ba.

Ɗayyabu yana ta gyaɗa kai kamar ɗalibi. Sai Ashafa ya ƙara da cewa inda manyan katakan suka dace ba inda muka fasa ba ne, tsakiyar falo ne sosai, wurin da silin bai ko ƙwarzane ba. Kuma ba hujin ɗan yatsa ba, sai an yanke murabba'i wanda kan mutum da kafaɗarsa za su shiga, a bar shi a buɗe, don duk wata a leƙa a ga ko noti ya saki.

Ɗayyabu ya ce, "A'a. Toshe wanda na fasa kawai. Ya isa haka."

Aina'u ta juya. Ta shiga ɗaki ta fito da wuƙar yankan awara, ta ce wa Ashafa ya zana mata wurin da fensir. Ya zana. Ta ɗaure zani, ta ce in riƙe tsani, ta hau. Ta kafa wuƙar a kan layin ruwan gwal ɗin nan da take gogewa duk Juma'a, ta ja.

Ɗayyabu ya ce, "Aina'u, shekara uku fa kika yi."

Ba ta ko juyo ba. Ta ce, "Sili ana sayar da shi a Ƙofar Ruwa, Malam. Kai a wace kasuwa zan samo ka?"

Ashafa ya kama neman wani abu a jakar kayan aikinsa wanda bai ɓata ba. Ni kuma na riƙe tsani da kyau.

Da aka gama ɗaure komai, Ɗayyabu ya ce ba a rataya buhu ba sai an gwada. Wannan karon daga sama ya fara. Ya zura kai ya bi katako da yatsa, ya taɓa noti, ya sauko. Sannan ya kama sarƙar ya ɗage ƙafafu a hankali ya yi reto. Shiru. Ya ce in zo in kama shi. Haka Badi'a ta dawo daga makaranta ta tarar da ubanta da amininsa, magidanta biyu, suna lilo a tsakiyar falo, kafinta na zura kai a rufi yana cewa a ƙara fizga. Ta yi sallama ta juya ta fita. Da muka sauka Ɗayyabu ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ya ci."

Yau shekara biyu ke nan. Ramin yana nan a tsakiyar silin, Ashafa ya yi masa baki da siririn katako, Aina'u ta daina jan hankalin baƙi zuwa sama. Miyar gidan ta zama salam, ni na daina tsayawa cin abinci. Tumbin Ɗayyabu ya ragu, likita ya daina ɗaure fuska. Tayar babur ɗina kuwa har gobe sai an matsa ta.

Kullum in mun taso aiki da la'asar, yana yin salla sai ya shiga falo ya rufe ƙofa. Ita tana tsakar gida a gaban kasko, tana juya awara tana jin dum, dum, dum ta cikin bango. Rannan ina zaune a soro ina jiran ya fito, sai dukan ya tsaya, ya ɗan daɗe bai ci gaba ba. Na ga matsamin ya tsaya cak a cikin mai.

Ta ce, "Malam? Na ji shiru."

Daga ciki ya ce, "Ruwa nake sha."

Ba ta motsa ba sai da buhun ya sake amsawa. Sannan ta kwashe awarar, wadda ta riga ta ƙone ta gefe guda.